Kibod na Faransa a kan EliteBook: a canja shi ko a manna sitika?

Usman Kurna: Assalamu alaikum jama'ar zaure. HP EliteBook 840 G3 ce 'yar Belgium, lafiyarta ƙalau, sai dai kibod ɗin AZERTY ne, irin na Faransa, ba QWERTY da muka saba ba. Yara za a ba su riƙa koyon taifin da gwajin CBT, wato jarabawa a kwamfuta. Ana iya cire shi a sa irin namu? Wanne zan nema a kasuwa?

Malam Garba mai gyara: Wa'alaikumus salam. Ana iya, G3 ma tana cikin masu sauƙi, don kibod ɗinta da firam ɗinsa yake zuwa, ba a manne yake da kesin sama ba. Na G3 da na G4 ɗaya ne. Ka kashe ta, ka zare caja, ka buɗe murfin ƙasa, ka fara cire batir kafin ka taɓa komai. Za ka ga sukuru biyu masu alamar kibod a gefensu, ka kwance su. Kusa da fanka akwai rami, ka sa siririn sukudireba ka tura a hankali, kibod zai ɗago ta sama. Kada ka fizge shi. Kifa shi za ka yi a kan inda ake ɗora hannu, don fileks, siraran wayoyin da ke haɗa shi da madabod, na nan a haɗe: babba na maɓallai, ƙarami na ɗan linzamin nan na tsakiya, in mai fitila ne akwai na uku. Kowanne ka ɗaga ɗan murfinsa da farce sannan ka zare.

Injiniya Bilkisu: Kafin a kai ga sukudireba, Malam Usman, ka san ba dole ne a canja ba? Kibod bai san harafi ba. Lambar gurbin maɓalli yake aikawa, Windows ce ke cewa wannan gurbin A ne ko Q. Ka shiga Settings, Time & language, Language & region, ka danna ɗigo ukun da ke gaban harshen, Language options, Add a keyboard, ka zaɓi US, ka goge na Faransa. Nan take ya zama QWERTY. Abin da ya rage fentin da ke kan maɓallan ne kawai.

Usman Kurna: Ai fentin ne matsalar, Hajiya. Yara ne, da ido suke bi.

Injiniya Bilkisu: To kana da gaskiya. A jarabawar JAMB da A, B, C, D ake zaɓar amsa, N gaba, P baya. Yaron da hannunsa ya saba A tana layin sama zai je ya yi ta danna Q.

Abdou Damagaram: Ku daina wulaƙanta mana kilabiye, kibod ke nan a bakinmu na Nijar 😂 Abin da kuke cirewa ku jefar shi muke nema a nan. Malam Usman, in ka cire ka ba direban Zinder ya kawo mini.

Ɗan Gwandu: Ku da sai kun danna Shift kafin ku rubuta lamba ɗaya, ai Allah ya ba ku haƙuri.

Abdou Damagaram: Mu kuma é da è da ç suna nan a fili, ku sai kun je Google kun kwafo. Amma da gaske, a duba ko na Faransa ne ko na Beljiyam, don haruffan ɗaya ne, alamomin ne suka bambanta. In @ tana kan maɓallin 0 na Faransa ne. In tana kan 2 na Beljiyam ne, wannan ko mu ba mu so.

Usman Kurna: A kan 2 take.

Abdou Damagaram: To na yafe, riƙe abinka.

Malam Garba mai gyara: Wajen saye, ka juya bayan tsohon kibod ɗin, akwai farar takarda mai lambar kaya. A HP abu uku na ƙarshe bayan ɗan layin su ne ƙasa: 001 Amurka, 031 Ingila, 051 Faransa, A41 Beljiyam, 041 Jamus, 171 Saudiyya, 291 Japan. Naka zai ƙare da A41. Ka nemi mai lambar farko iri ɗaya wanda ya ƙare da 001 ko 031. Kuma ka tafi da kwamfutar, a jona a gwada kowane maɓalli a Notepad a gabanka kafin ka biya. A Farm Centre ko Beirut Road ba za a rasa ba.

Sadiq Tudun Wada: Sitika kawai, Oga. Kuɗin kibod ɗaya zai sayi sitika ta makaranta guda.

Malam Garba mai gyara: Sitika da zafin Kano da hannun yara? Gefen E da A da S ke fara ɗagowa, ƙura ta shiga gam ɗin, maɓalli ya yi baƙi yana danƙo. In kibod mai fitila ne kuma ka toshe hasken.

Sadiq Tudun Wada: Ai ba a goge maɓallan da sifirit kafin a manna, shi ya sa. A goge, a bari ya bushe, a sa da ɗan hantsaki, a danne. Ku masu gyara dai kullum sai a sayi sabo.

Malam Garba mai gyara: Allah ya shirye ka, Sadiq.

Alhaji Nura Fagge: Ina so in ja kunnen masu karantawa, don wani zai ga an ce G3 sukuru biyu ne ya ɗauka kowace laftof haka take, ya je ya yi wa kansa asara.

Abu na farko da ake dubawa siffar Enter ce. Na Amurka Enter ɗinsa kwance yake, layi ɗaya, Shift na hagu dogo. Na Turai, da Ingila da Faransa da Jamus duka, Enter ɗinsu a tsaye yake ya ci layi biyu, Shift na hagu gajere ne, da ƙarin maɓalli guda a gefensa. In kibod da firam ɗinsa yake zuwa, kamar 840 G3 zuwa G6 ko ThinkPad T470 da T480, wannan bambancin bai dame ka ba. Amma yawancin laftof na yanzu ramukan maɓallai a jikin kesin sama aka huda su, kibod daga ƙasa yake leƙowa. Kesin da aka huda don Enter na tsaye ba zai karɓi na kwance ba ko za ka kwana kana turawa. Wasu sukan sa reza su yanke sandar robar da ke tsakani, sai a bar rami a gefen Shift, kesin kuma ya yi rauni ya tsage daga nan. EliteBook daga G7 kibod da kesin sama a haɗe ake sayar da su. Dell Latitude 5480 da 5490 kibod na fita, amma akwai ragar roba da ke zagaye maɓallan, ita ma ta Amurka daban ta Turai daban, sai ka saya tare.

Mafi wahala su ne irin HP 15 da IdeaPad da Aspire masu araha. Babu sukuru ko ɗaya a kibod ɗinsu. Farantin ƙarfe ne a bayansa, an narka kawunan roba birjik an danne shi. Kafin ka isa wurin sai ka cire batir, fanka, sifika, madabod gaba ɗaya. Sannan ka bi kawunan nan ɗaya bayan ɗaya da bakin ƙarfen soda ko wuƙa. Wajen mayarwa robar da ta rage ba ta isa ta sake riƙewa, sai a cika da gam. Inda aka tsallake, tsakiyar kibod zai riƙa lotsawa, G da H su nutse ƙasa da 'yan'uwansu, sai ka danna da ƙarfi kafin su kama. In gam ya yi tudu kuma ya tokare madabod, kes ba zai rufu daidai ba. Irin waɗannan, ko dai a sayi kesin sama da kibod a haɗe, ko a bar Enter yadda yake: mai AZERTY ko na Jamus ya sayi na Ingila, ramukansu ɗaya ne.

Sai ɗan murfin da ke riƙe fileks a madabod. Ɗagawa ake yi daga gefen da yake buɗewa, ba ja ba. In ya karye, fileks ba zai danne ba, za ka ga layi guda na maɓallai ya mutu ko wasu haruffa a warwatse. Ana iya cusa ɗan siririn roba a saman fileks a danne da tef, amma gyaran wucin gadi ne.

Ɗan Gwandu: Alhaji ya buɗe makaranta. A kawo allo.

Maman Hanifa: Tambaya a kan tambaya. Ba za a ɓalle maɓallan a sauya musu wuri ba? A da Q, Z da W?

Injiniya Bilkisu: Waɗannan huɗun za su yi. M ce za ta ba ki ciwon kai, don a AZERTY tana gefen L, kuma in kin mayar da ita ƙasa alamomin waƙafi da aya duk ba za su dace ba. Layin lambobi ma haka. Ga ƙafafun robar da ke ƙarƙashi, masu kama da almakashi, ƙugiyarsu ƙanana ce ƙwarai. Kuma kamfanoni daban-daban ke ƙera wa laftof iri ɗaya kibod, irin su Chicony da Lite-On, ƙafar wannan ba ta shiga ta wancan. In ta karye samun madadi sai an dace.

Maman Hanifa: Na fasa.

Injiniya Bilkisu: Wani abin da ake mantawa: fasuwod. Allon shiga Windows yakan riƙe tsohon tsarin ko bayan ka canja a ciki. Ka sa sabon kibod, ka rubuta fasuwod daidai, ta ce ba shi ba ne, saboda a wurinta har yanzu A tana gurbin Q. Ka duba ƙasan allon ta dama ka zaɓi ENG. Don ya zauna dindindin: Control Panel, Region, Administrative, Copy settings, ka yi alama a Welcome screen. In akwai fasuwod na BIOS, wanda ake tambaya tun kafin Windows ta tashi, a cire shi tun tsohon kibod na jiki, a mayar daga baya.

Sadiq Tudun Wada: To 001 ko 031? Ni na Ingila na fi so, Enter babba.

Malam Garba mai gyara: Haruffa ɗaya ne. A na Ingila Shift da 2 alamar zance yake bayarwa, @ tana kusa da Enter, 3 kuma £. A na Amurka @ na kan 2, # na kan 3. Abin da ke jiki shi za ka zaɓa a Windows, shi ke nan. Matsala sai an gauraya: kibod na Amurka da tsarin Ingila, \ ta ɓace maka, don gurbinta shi ne ƙarin maɓallin nan da babu.

Abdou Damagaram: Haka mai kibod na Amurka da ya sa tsarin Faransa, < da > sun tafi.

Malam Habu Zariya: Tunda ana maganar nan, wanne ne ke da ƙ da ɗ da ɓ? Na gaji da kwafowa daga waya.

Injiniya Bilkisu: Ba sai ka sayi komai ba, ranka ya daɗe. Windows na da tsarin Hausa. Ka ƙara shi a Add a keyboard, in bai fito ba ka fara ƙara Hausa a jerin harsuna. Ka riƙe Alt na dama ka danna k, d ko b. Ka haɗa da Shift in babban baƙi kake so. Maɓallin Windows da Space ke sauya tsari.

Abdou Damagaram: Alt na dama da y kuma ƴ. Tamu ce wannan, ku da kuke rubuta 'y ba ruwanku.

Malam Habu Zariya: Ya yi! Ƙ ta fito. Allah ya saka da alheri. A Word kuma wasu haruffan sai su canja kama, ƙ ta fi sauran girma.

Injiniya Bilkisu: Salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da ita, sai Word ya aro daga wani. Gwada Calibri ko Times New Roman.

Ɗan Gwandu: Bazazzagi ya samu ƙugiya, yau ba mai barci.



Usman Kurna: Jama'a, nawa ba shi da fitila. In na sayi mai fitila zai kama?

Alhaji Nura Fagge: Ka ɗaga naka ka duba madabod. In akwai ɗan ƙaramin soket da babu komai a ciki kusa da na kibod, zai kama. In gurbin ne kawai ba a sa soket ba, maɓallai za su yi aiki, fitila ba za ta kunnu ba.