Neman kalmar Hausa: sabuwar kwalta a kan tsohuwa, da injin da ke rage mata kauri

Mai Fassara, Jos: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da safe za a naɗi wata hira a wani gidan rediyo a nan Jos, da wani injiniyan hanya, a kan yadda ake amfani da manhajar zanen hanya irin su Civil 3D wajen tsara gyaran titin da ya tsufa, kuma ni aka ɗora wa mayar da bayaninsa Hausa. Kalmomi biyu sun gagare ni. Ta farko ita ce wadda injiniyoyi ke furtawa obale, wato sabuwar kwalta da ake shimfiɗawa a kan tsohuwa ba tare da an tone ta ba. Ta biyu ita ce milin, wato cire 'yan santimita daga saman tsohuwar kwalta da inji kafin a zuba sabuwa. Na rubuta "sabunta kwalta", sai injiniyan ya ce ta yi faɗi, domin har fasa hanya baki ɗaya a sake gina ta sabuntawa ce. Ina neman taimakonku kafin daren Laraba.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Malama. Ai mutanen gari sun riga sun raɗa wa abin suna, faci suke cewa, kuma duk direban da ke bin hanyar Bauchi zai gane shi nan take.

Injiniya na Bukuru: Malam, faci daban ne. Faci shi ne a yanke bakin rami guda, a share shi, a cika, a bi da rola. Abin da Malama ke tambaya shimfiɗa ce da ke rufe faɗin titi gaba ɗaya, wani lokaci na tsawon kilomitoci. Bari in ɗan bayyana aikin, domin daga cikinsa kalmar za ta fito. Titin kwalta hawa-hawa ne: ƙasar wurin, sai marmara, sai fasasshen dutse, sannan kwalta hawa biyu, wadda a manyan hanyoyinmu ta ƙasa takan kai milimita 60, ta sama kuma milimita 40. Idan ta sama ce kawai ta gaji, safiyo sukan auna tudu da kwarin titin yadda yake a yau, a zuba awon a manhaja, ita kuma ta kwatanta shi da yadda ake so titin ya kasance, ta yanka shi gunduwa-gunduwa a kan allo, ta nuna inda tayoyin tirela suka lotsa kwalta ana bukatar ciko, da inda ta yi tozo ana bukatar ragewa, domin a dawo da gangarar da ke kai ruwa gefe, wadda yawanci kashi 2.5 cikin ɗari ce. Daga nan take fitar da lissafi. Titi mai faɗin mita 7.3, in za a shimfiɗa masa milimita 40, kilomita guda yana cin kusan tan 700 na kwalta, kuma kowace milimita 10 da aka ƙara tan 175 ce. Saboda haka ni ina ba da shawarar "ɗorin kwalta", tun da ɗora ta ake yi a kan wadda take nan.

Tsohon Malamin Hausa: Injiniya, na gode da bayani, amma ban gamsu da kalmarka ba. Duk Bahaushen da ya ji ɗori, karaya ce za ta fara zo masa a rai, da maɗori da karan da ake ɗaure ƙafa da shi. Alhali muna da kalmar da ta dace tun kaka da kakanni. Matanmu sukan zuba tsakuwa a ɗaki, su yayyafa ruwan makuba, su yi ta bugu har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi sulɓi, wannan shi ne daɓe, kuma babu abin da rolarku take yi wanda ya wuce shi. Manomi kuma idan ya koma gona noma na biyu, maimai ya yi. A haɗa su a ce "daɓen maimai". Na daɗe ina faɗa cewa ita kanta kwalta ba tamu ba ce, daga kalmar Ingilishi ta baƙin man gawayi aka aro ta, manhaja kuma daga Larabci take, kuma mu da muka yi aikin koyarwa tsarin karatu muka san ta da shi, ba abin cikin kwamfuta ba. In za a yi gyara, a yi shi tun daga tushe.

Mai Fassara, Jos: Allah ya gafarta Malam, daɓen maimai tana da daɗin ji, sai dai ina tsoron in na karanta ta mai sauraro zai ɗauka maganar ɗaki ake yi. Kwalta da manhaja kuwa ba zan iya taɓa su kafin Alhamis ba.

Hajiya ta Rikkos: Ni ba malamar harshe ba ce, amma ina da abin cewa a kan wannan, domin ya shigo mini har tsakar gida. Shekarun baya wani ɗan kwangila ya zuba sabuwar kwalta a layinmu, muka yi ta murna da addu'a, ba mu san a kan tsohuwar ya zuba ba tare da ya rage komai ba. Titi ya ɗaga ya wuce bakin lambatu, ya zo daidai da dokin ƙofarmu. Ruwan farko na watan Afrilu ya gangaro daga titi ya bi ta zaure, na tsaya da tsintsiya da bokiti ina kallon tabarmar sallah tana yawo a kan ruwa, sai da muka sayi bulo muka ɗaga bakin ƙofa. Da a ce tun farko an gaya mana da kalmar da ke nuna ɗorawa za a yi, da wani dattijo a layin ya tambayi ina ruwa zai bi. Daɓen maimai ba ta gaya mini titi zai ƙara tsawo. Ɗori ta gaya mini.

Injiniya na Bukuru: Hajiya, abin da ya same ku shi ne ainihin abin da manhajar ke hanawa idan an ba ta awon lambatu da na ƙofofin gidaje, domin takan nuna inda sabon saman zai haura su, a nan ne ake rage tsohuwar kwalta daidai kaurin da za a ɗora. Maganar karaya kuma, Malam, ranka ya daɗe, ni a wurina ƙarin hujja ce. Maɗori ba ya ɗaure ƙashin da bai daidaita ba. Haka nan in ruwa ya riga ya lalata marmarar da ke ƙasa, ko tsohuwar kwalta ta tsattsage kamar fatar kada, duk abin da aka ɗora tsagar za ta biyo shi ta fito sama. Kuma ai muna cewa shekara goma da ɗoriya, babu wanda ke tuna asibitin ƙashi.

Tsohon Malamin Hausa: Ɗoriya daban, ɗori daban, Injiniya. Kada a haɗa mini su.

Ɗan Gangare: To, na janye faci. Kalma ta biyu kuwa ba ta da wuya, kankarewa ce, kamar yadda ake kankare ƙanzo a tukunya.

Bakano a Abuja: A rubuce akwai matsala, domin kankare shi ne kuma siminti da tsakuwa da ake zuba gada da shi, kuma yanzu da ake ta yin titunan kankare, wanda ya ga "kankare titi" ba tare da alamar karin sauti ba zai iya ɗauka za a zuba masa siminti ne. A baki kuma, ku yi mini afuwa mutanen Jos, in kun ce kankara ba a sanin ko kankarewar inji kuke nufi ko ƙanƙarar da ke fasa muku kwanon rufi, tun da ƙa da ka duk ɗaya ne a wurin da yawanku. Irin wannan aiki gara a bar wa masu harshen.

Ɗan Gangare: Malam, masu harshen su ne masu magana da shi. Kakana kuza ce ta kawo shi Jos, a nan aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, kuma ban taɓa neman tafinta a Kano ba. Shirin nan mutanen Filato za su saurara, Birom da Angas da Bahaushe da Bafulatani, waɗanda Hausa ce ta haɗa su a kasuwar Taminus, saboda haka kalmar da kunnensu zai kama ita ake nema.

Tsohon Malamin Hausa: A nan kam ina bayan Ɗan Gangare, ko da yake Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, ba a ba Kano ita gado ba. Sai dai maganar ruɗani da kankaren siminti gaskiya ce. Ni da "fera" zan ce, yadda ake fere rogo a cire bawo a bar tsoka.

Injiniya na Bukuru: Fera tana nuna wuƙa mai santsi, shi kuwa injin wani ƙaton gangan ƙarfe ne mai haƙora da ke juyawa yana ɓarje kwalta, yana watsa ɓarjin ta bel zuwa cikin tifa, ya bar titi da zane-zane kamar an ja masa mataji, kuma wannan kaushin ma yana taimaka wa sabuwar kwalta ta kama. Amma zurfinsa a ƙayyade yake, manhaja ce ke ba da shi milimita-milimita. Ni da za a bi tawa, "aske saman kwalta" za a ce, domin wanzami ya san inda askarsa za ta tsaya.

Mai Fassara, Jos: Na gode ƙwarai malamai. Ga yadda na rubuta jimlar: "Manhaja takan nuna inda za a aske saman tsohuwar kwalta, da inda za a yi ciko, kafin a yi ɗorin kwalta, wato a shimfiɗa sabuwa a kan tsohuwa." Zan bar aske a matsayin aikatau kawai, domin "askin titi" ta ba abokan aikina dariya da na gwada ta a ofis.

Tsohon Malamin Hausa: Ban sauka daga kan daɓen maimai ba, kuma da ita zan ci gaba da rubutu. Amma tun da kin bi ɗori da bayani, 'yata, ba zan kira gidan rediyon in yi ƙorafi ba.

Injiniya na Bukuru: Saura ɓarjin da injin ke zubawa a tifa, Malama, domin ana iya sake sarrafa shi a cikin sabuwar kwalta, kuma ina kyautata zaton baƙon naki zai ambace shi.

Mai Fassara, Jos: Ya ambace shi a shafi na uku na rubutaccen bayaninsa, Injiniya. Na sa "ɓarjin tsohuwar kwalta" da fensir, in akwai mai wata kalmar ya turo kafin isha'in Laraba.