Kano zuwa Damagaram da mota, takardu sun tsayar da ni

Salam jama'a, don Allah a taimaka. Biki zan kai iyali Damagaram daga Kano, ta Daura da Kongolam zuwa Matamaye, da motata Corolla. Lasisi, takardar kwastan, katin rigakafin shawara duk suna hannu, amma motar ta hannu ce na saya, takardun har yanzu sunan mai ita na farko ne, sai takardar ciniki kawai nake da ita. Na je wajen masu inshora a yi min brown kad na ECOWAS (katin inshorar mota na shiga kasashen ECOWAS), wani ya ce ba ya aiki tunda Nijar ta fita daga ECOWAS a 2025, wani kuma ya ce in biya kawai, direbobin tasha kowa da nasa zancen. Wanda ya tsallaka kwanan nan da motar gida, wace takarda aka nema kafin a bar motar ta shiga?