Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba zanen "landscape"?

1/ Jama'a, salamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu Hausa a baki, musamman malamanmu na harshe. Mu 'yan tsiraru ne a nan Legas, daga Agege da Idi-Araba da Obalende, muna zanen fenti a ƙarshen mako don sha'awa kawai. Kowa da sana'ar da yake ci da ita. Abin da muka fi zanawa shi ne wanda Bature ke ce wa landscape: ka ɗauko wuri sukutum, da ruwansa da samansa da itatuwansa da gine-ginensa, ka zuba a kan ƙyalle ko takarda. Har yau ba mu da sunansa. In yaro ya tambaye ka me kake zanawa, sai ka ce "hoton waje ne", ka kau da kai.

2/ Kafin wani ya ce a ari kalmar a huta: ni ba na gāba da aro. Fenti aro ne, buroshi aro ne, kala ma haka. Su kansu Turawan Ingila daga mutanen Holan suka aro ta wajen shekarar 1600, lokacin da irin wannan zane ke tasowa a can. Amma je ka ce "lansikef" a gaban mahaifiyarka ka ga irin kallon da za ta yi maka. Ba ta zauna a baki ba, kuma wanda bai san ta ba, ba abin da za ta nuna masa.

3/ Suna na farko da aka kawo a zauren hirarmu na masu zane shi ne "zanen ƙasa". Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon magini da ya yi zayyanar bango a Arewa kafin ya sauko Kudu, muna ce masa Baba. Dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Ɗana, in ka ce kana zanen ƙasa, gobe da asuba za ka tarar da layi a ƙofarka, an zo a yi musu duba." Ɗan boko kuma taswira zai ɗauka. An binne wannan.

4/ "Zanen fili" bai kai minti ɗaya ba. A Legas in ka ambaci fili da zane a jumla guda, safiyo ake tunawa da 'yan omo onile, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce suna karɓar kuɗi a kan filaye.

5/ "Zanen daji" da "zanen karkara" sun fi daɗin ji, kuma da a Falgore ko Yankari muke zaune da wataƙila na amince. To amma mu me muke zanawa? Gidajen Makoko a kan turaku cikin ruwa, kamar yadda ake hango su daga gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12. Kwale-kwalen masunta da safe. Bakin teku a Tarkwa Bay. Rufin kwano mai tsatsa a Agege, layin dogo ya ratsa ta tsakiya. Wanne ne daji a nan? Sunan da zai kore garin da muke ciki ba namu ba ne.

6/ Wani malamin makaranta ya kawo "zanen shimfiɗar ƙasa". Daidai ne a ma'ana, Malam, ban musa ba. Sai dai ƙanshin ajin labarin ƙasa yake yi, kuma kafin ka gama faɗa, fentinka na akirilik, mai saurin bushewa, ya bushe. Wani ɗalibin Larabci ya ce a ɗauko manzar. Baba ya tuna masa cewa minzari tuni yana nan, tabarau tsofaffi ke nufi da shi.

7/ Wanda ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne na wata Malama da ke koyarwa a Islamiyya, kuma ta fi mu duka iya kalar ruwa, wato fentin da ake damawa da ruwa a yi zane a takarda. Ta ce a kira shi "zanen marasa rai". Hujjarta ba ta wasa ba ce. Da yawanmu dalilin da ya sa muka karkata ga wannan fanni ke nan tun farko: a Bukhari da Muslim an ruwaito mai yin hotuna ya zo wa Ibn Abbas, Ibn Abbas ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi itace da abin da ba shi da rai. Ta ce sunan kaɗai zai sa uba ya bar 'yarsa ta riƙe buroshi ba tare da an kai ruwa rana ba.

Na ga amfanin hakan, amma ban goyi baya ba. Buta da lemo a kan faranti su ma marasa rai ne, alhali wani fanni ne daban. Sannan sunan yana faɗin abin da babu a zanen ne, bai faɗi abin da ke ciki ba. Kuma in wani ya ɗiga ɗan baƙin ɗigo a cikin kwale-kwale can nesa, sai gardama ta tashi a kan sunan maimakon zanen. Hukuncin fiƙihu a bar wa malamai, mu suna muke nema.

8/ Ga nawa: ZANEN HANGE.

9/ Dalili. Abin da ya raba wannan zane da sauran ba itace ba ne, ba ruwa ba ne, nisa ne. Mai zanen fuska kusa yake matsawa. Mu kuwa baya muke ja, mu hango. Duk wahalar aikin a nan take: yadda za ka sa ido ya yarda cewa wancan bene yana can nesa, wannan kwale-kwale yana nan kusa, alhali duka a kan ƙyalle ɗaya suke, shafaffe. Abu in ya yi nisa ƙanƙancewa yake yi, launinsa ya koɗe ya karkata ga shuɗi-shuɗi ko toka-toka, gefunansa su daina kaifi, saboda ƙura da tururin da ke tsakaninka da shi. Wanda ya tsallaka gada a watan Disamba ko Janairu, lokacin da hazon hunturu ya sauko har Legas, ya ga benayen Ikoyi sun zama inuwa kawai, ya san abin da nake faɗa. Sabon hannu kuwa sai ya ba na nesa da na kusa kala mai ƙarfi iri ɗaya, zanen ya taru ya tsaya a fuska. Ku nemi ayyukan Abiodun Olaku, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Yaba, ku ga yadda yake barin hayaƙi da hasken yamma su haɗiye abin da ke can ƙarshen ruwa. Hange ke nan, da fenti.

Kuma Hausa ta riga ta san wannan ma'ana. Da aka ce hangen Dala ba shiga birni ba, ai mutum ne tsaye daga nesa, ga dutse, ga gari shimfiɗe a gabansa.

10/ Gwada shi a jumla, nan ake gane kalma. "Na yi zanen hange na Makoko." "Ita zanen hange ta fi ƙwarewa, shi kuma zanen fuska." "Hangen teku ne ko hangen gari?" Kun ga har ya haifi 'ya'ya: hangen teku, hangen gari, hangen daji, duk inda Turanci ke buƙatar kalma daban-daban.

11/ Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Mutum biyu sun ce hange na ɗauke da ma'anar kwaɗayi, kamar "hangen abin wani". Gaskiya ne. Amma hangen nesa ma hange ne, ba wanda ya taɓa jin kunyarsa, kuma kalmar zane da ke gaba ta riga ta toshe waccan hanya. Wani ya ce "mahanga" ta fi. Da a da ne, e. Yanzu 'yan jarida sun mai da ita ra'ayi, in ka ce zanen mahanga za a zaci zanen barkwancin siyasa ne.

12/ Masu tambayar me za a ce wa firam da Hausa: firam sunansa firam. Kafinta ya sani, mai gilashi ya sani, ba sai mun ƙirƙiro "makewayi" mun rikita kasuwa ba. Abin da ya fi suna muhimmanci a garin nan shi ne danshi. Zanen kalar ruwa a takarda yana son gilashi, amma kada gilashin ya taɓa takardar. A sa kwali mai kauri da aka yanke tsakiyarsa a tsakani, a liƙe bayan da kyau, in ba haka ba damina ɗaya ta isa fumfuna ta yi masa ɗige-ɗige. Mai firam ɗin da ya saba da hoton biki zai so ya danne takardar da gilashi ya shafa gam a baya. Ka tsaya a kansa. Na fentin mai a ƙyalle ba ya bukatar gilashi, sai dai haƙuri, don samansa na bushewa cikin kwanaki amma cikinsa sai ya ɗauki watanni. Kada kuma a rataye ko wanne a bangon da ruwa ke tsatsowa.

(Na ce "kalar ruwa" da gangan. "Fentin ruwa" masu fentin gida sun riga mu, nasu na bango ne.)

13/ Ita kuwa feedback, wato abin da mai kallo ke faɗa maka a kan aikinka, kalmominta muna da su har sun yi yawa: sharhi, tsokaci, suka, gyara. A zaurenmu "gyara" muka tsayar, don ita ce ke tilasta wa mai magana ya nuna wuri. "Masha Allah, ya yi kyau" addu'a ce, muna so, amma ba gyara ba ce. Gyara ita ce Malama ta dubi aikinka ta ce, "Yaya, ruwanka ya karkace, layin da sama ta haɗu da ruwan lagun ya gangara hagu," ko Baba ya ce inuwar itacenka na gabas, ta gidanka na yamma, rana nawa ce a garin? Wanda ya turo zane ya rubuta "a yi mini gyara" ya ba da izini. Wanda bai rubuta ba, a yi masa addu'a a wuce.

14/ Malama har yanzu tana kan "marasa rai", ta ce a gidansu shi za ta riƙa faɗa, kuma ba wanda zai hana ta. Sauranmu mun koma zanen hange, Baba ma ya sa albarka. Saura wannan kwalin da ke tsakanin gilashi da takarda. Wani ya ce "tabarma", wani ya ce "wuya", kamar na riga. Masu firam na Kano da Zariya, me kuke ce masa a shago?