Yadda Ruwan Kwara Ke Haifar da Wuta a Kainji

Ɗalibi ya buɗe fage:

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance,
Ina roƙon manya su ba ni amsa a rubuce.
Ruwa dai an san shi da kashe wuta,
To, ta yaya a Kainji shi ne ke haifar da ita?

Dattijo ya amsa:

Ɗana, tarihi shi ne farkon abin ganewa.
A 1964 aka soma datse Kwara da ginawa,
A zamanin Firayim Minista Tafawa Balewa.
Kamfanin Impregilo na Italiya ya yi haƙa da zubawa,
Yaƙin basasa na ci, amma aiki na tafiya ba tsayawa,
Har 1968 ta zo madatsar ta kai ga kammalawa,
A 1969 kuma Janar Gowon ya je ya yi buɗewa.

Tsohon injiniya ya karɓa:

Baba ya kawo tarihi, ni zan faɗi yadda aikin ke tafiya.
Bango mai tsayin kusan mita 65 ya tare wa kogi hanya,
Ruwa ya taru ya yi nauyi, ya zama babban tafki a baya.
Idan an buɗe ƙofa, sai ya gangara da ƙarfi gaba ɗaya,
Ya bugi fukafukan farfela, ta kama juyi ba gajiya.
Sandar da ke tsakiyarta tana haɗe da janareta tamkar abu ɗaya,
Maganaɗisu na kewayawa cikin naɗin jan ƙarfe, lantarki ya taso a waya,
Taransifoma ta ɗaga ƙarfinsa zuwa kilobolt 330 saboda doguwar tafiya.
Ruwan kuwa bai ƙone ba, bai ragu ba, ya koma kogi lafiya,
Ya nufi Jebba, inda tun 1985 wata tashar ke jiransa a hanya.

Ɗalibi ya sake tambaya:

Malam, na gane, amma saura abu ɗaya ban sani ba:
Da rani, in sama ta ɗauke, me ya sa tafkin bai ƙafe ba?

Tsohon injiniya ya ce:

Cika biyu Kwara ke yi a shekara, ka riƙe wannan bayani.
Farin ruwa na damina ne, mai laka, daga Rima da rafukan da ka sani.
Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake, tafiyarsa da nisan zamani,
Yakan yi watanni a fadamun Mali, laka ta kwanta, ya yi garau ga gani,
Sai ya iso mana cikin hunturu, ya riƙe injuna har tsakiyar rani.

Wata malama 'yar Borgu ta shigo:

Yaya, kun yabi injuna, amma kun tsallake mutanen wurin.
Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin tafkin nan, da fada da kasuwar garin,
Har da duwatsun da Baturen nan mai binciken Kwara, Mungo Park, ya halaka a 1806, ruwa ya rufe gurbin.
Sama da mutum 40,000 aka tasa daga gidaje da gonakin bakin kogin,
Aka gina musu Sabuwar Busa da ƙauyuka, can ne sabon mazaunin.

Tsohon injiniya ya amsa mata:

Gaskiyarki, 'yar'uwa, kuma akwai wani giɓin da ban ambata ba.
Gurbin injuna 12 aka tsara, takwas aka kafa daki-daki, ba a cike ba,
Megawat 760 ke nan a takarda, kuma ba kullum ake samunsu ba,
Domin injin da ya shekara yana juyi ba ya yafe wa wanda bai gyara shi ba.
NEPA ta karɓi tashar a 1972, an sha shekarun da wasu injunan ba su motsa ba,
A 2013 aka ba kamfanin Mainstream hayarta, ba sayar da madatsar aka yi ba.