Neman Shawara: Wayata Ta Tsaya a Android 10, Manhajar Banki Ta Daina Buɗewa

Baban Hafsat: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar dankalin Turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos, yawancin masu sayen kayana kuma 'yan Abuja ne, sai na ga shigar kuɗinsu nake loda wa direba. Wayar da nake riƙe da ita ƙanena ne ya saya mini a 2020 da albashinsa na farko, ya kawo ta har gida cikin kwalinta ranar sunan Hafsat, shi ya sa har yau ko tsaga babu a gilashinta. Tun makon jiya manhajar bankina ta ce sai an sabunta ta, da na je sabuntawar kuma aka ce ba ta dace da wayata ba. Jiya mota ta jira ni kusan awa biyu, buhu goma sha biyu na ajiye a ƙasa, don na kasa tabbatar da kuɗin. Na duba saiti na ga Android 10. Wani yaro a kasuwar Terminus ya yi mini tayin iPhone XR ta hannu. In karɓa ne, ko tawa tana gyaruwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wayarka ba lalacewa ta yi ba, lokacinta ne ya wuce. Android 10 ta fito a 2019, a 2025 kuwa aka fitar da ta 16. Google ne ke fitar da sabuwar Android, amma kamfanin da ya ƙera wayar shi ke da ikon tura ta ga masu ita, idan ya daina kuma har facin tsaro da ke toshe ƙofofin ɓarayin intanet yakan yanke, bankuna kuwa ba sa son kuɗi ya bi ta irin wannan waya. XR ɗin ma ka rabu da ita: ta 2018 ce, ta tsaya a iOS 18 (iOS ita ce kamar Android a wayoyin iPhone), ba ta karɓar iOS 26. Gudun gara ne za ka yi ka faɗa gidan zago.

Maman Sadiq: Yaya, don Allah kada ka bari wani mai gyara ya ce zai ɗora maka sabuwar Android. Haka aka yi mini bara, na biya kuɗi, aka goge mini hotunan aikin Hajjin mahaifiyata gaba ɗaya, manhajar bankin ma ta ƙi wayar bayan an gama. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi.

Malam Garba Bukuru: Ni ban ga abin gaggawa ba. Tawa ma Android 10 ce, WhatsApp yana aiki lafiya, kuɗi kuma da lambar USSD nake dubawa. Kasuwanci ne kawai, so ake mu riƙa sayen sabuwa a wannan tsadar rayuwa.

Injiniya: Malam Garba, mai duba kuɗin cefane daban, mai karɓar kuɗin buhuna daban. Alhaji, kafin ka biya ka tambayi shekara nawa kamfani ya yi alkawarin sabuntawa, kuma lissafin daga ranar fitowar wayar ake fara shi, ba ranar da ka saya ba. Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024 shekara bakwai aka yi musu, Galaxy A16 mai sauƙin kuɗi kuma shida.

Baban Hafsat: Na gode ƙwarai. Lambar USSD takan katse mini daidai lokacin da kasuwa ta cika, saƙon alat kuma ban yarda da shi ba tunda aka nuna wa maƙwabcina na bogi. Amma Injiniya, yaron nan ɗan unguwarmu ne, na san mahaifinsa, ba zai cuce ni ba, kuma ya nuna mini manhajar bankin tana buɗewa a XR ɗin da idona.

Injiniya: Yau tana buɗewa, taka ma bara tana buɗewa. Nawa ka ware, kuma wace iri ce wayar taka? Har yanzu ba ka faɗa ba.

Baban Hafsat: Tawa dai ba zan sayar ba, ko musaya ba zan yi da ita ba. Bayan sallar Juma'a zan koma Terminus in sake duba batirin XR ɗin.