Allurar dafin maciji: ita ta gaza, ko ba ta macijin ba ce aka yi?

Kawu na Illela: Salamu alaikum 'yan Tawa. Bara da damina kububuwa ta sari yaron da ke mani noma. Munka kai shi likita, aka yi mashi allurar dafi kwalba biyu, kuɗi sunka tafi, jini bai bar zuba daga dasashinshi ba sai da munka canza wuri. Ni dai na gama magana: allurar ga ba ta da amfani, maganin gida ya fi ta.

Majo: Wa alaikumus salam, Kawu. Kun duba kwalbar? A wace ƙasa aka yi ta?

Kawu na Illela: Ɗana, dafi ai dafi ne. Mi ya haɗa shi da ƙasa?

Majo: Ba ɗaya ba ne, Kawu. Dafin kasa kumbura yake sawa, nama ya ruɓe. Wata gamsheƙar numfashi take kamawa. Ita kububuwa jini take bi: dafinta ya tilasta wa jini daskarewa ƙanana-ƙanana cikin jijiya, har sinadarin daskarewar ya ƙare kaf. Daga nan ko tsohon miki sai ya buɗe. Shi ya sa muke ɗibar jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalbar gilashi, mu aje minti 20. In aka karkata ta ya zuba kamar ruwa, dafi ya shiga. Allurar kuwa daga jinin doki ko tunkiya ake ciro ta, bayan an saba wa dabbar da dafin wasu macizai. Waɗanda ta sani kawai take kamawa da kyau.

Ɗaliba a Yamai: Gaskiyar Majo ce, Kawu. Indiya ma suna da tasu kububuwar, kamar tamu a ido, amma dafin ya bambanta. Wani asibitin karkara a Gana ya koma amfani da allurar Indiya, mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa 12. Allurar da ake kira EchiTAb kuwa da dafin kububuwar Nijeriya aka yi ta. Ga kuma wata allurar, Fav-Afrique, da aka yarda da ita, kamfanin Sanofi ya daina yi, ta ƙarshe ta lalace a 2016, kasuwa ta cika da tarkace.

Ɗan Keita: Duk wannan turanci ne. Babana ya warkar da mutane da baƙin dutse, da idona na gani.

Ɗaliba a Yamai: Yaya, ban ƙaryata idonka ba. Amma maciji kan yi sara bai zuba dafi ba, wani ma ba shi da dafin. Irin waɗannan ko ruwan randa aka ba su za su tashi. Wanda jininshi ya tsinke fa, dutse ya taɓa tsaida shi?

Ɗan Keita: Wanda kwananshi ya ƙare, ko allurar taku ba ta tsaida shi.

Majo: Haka ne, amma ba banza ake ce ma kububuwa gobe da nisa ba. Kawu, a wuri na biyun mi aka yi wa yaron?

Kawu na Illela: Allura ce, kwalbar dai daban, da safe jinin ya tsaya. Amma tsohuwarshi ta ba shi jiƙo a cikin mota, kada ku manta da wannan.