Daga rabon keken guragu zuwa neman a aiwatar da doka

Jami'ar walwalar jama'a, Kubwa:
Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiya da ke raba keken guragu a Karmajiji, wata unguwa a Abuja da masu buƙata ta musamman da yawa ke zaune. A makon jiya na raka wata baiwar Allah wani ofishi, sai da samari biyu suka ɗauke ta da kekenta suka hau matakala, ita kuwa ta sunkuyar da kai har muka shiga. Tun ranar nake tambayar kaina: ta yaya ƙaramar ƙungiya irin tamu za ta wuce taimakon mutum ɗaya ɗaya, ta kai ga gyara tsarin da ke jawo wannan wulaƙanci?

Malami mai ritaya, Nyanya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ai doka tana nan. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a watan Janairun 2019, kuma ta bai wa gine-ginen da jama'a ke shiga shekara biyar su yi gyara, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Ta kuma tanadi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Saboda haka ku fara da rubutu: wane gini, wace rana, matakala nawa, wa aka hana shiga. Idan bayanan suka taru, ku kai su hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa da aka kafa a 2020, domin koke mai hujja ya fi wuyar jefawa a aljihun tebur.

Mazaunin Karmajiji:
Baba ya yi gaskiya, amma ina da gyara. Hajiya, kada ku rubuta komai a madadinmu kafin ku zauna da sarkin guragu da shugabannin mata, domin mun ga baƙi da yawa sun zo sun ɗauki hoto sun tafi. Mu muka san ƙofar da ta fi ba mu wahala, kuma ni a ganina asibiti da makaranta suna gaba da kowane ofishi.

Jami'ar walwalar jama'a, Kubwa:
Na gode, Baba, na gode, Malam. Matsalata ta gaba tana cikin gida, domin shugabanninmu da adadin kekunan da aka raba suke auna aiki, kuma babu ko sisi a kasafinmu na zirga-zirgar kai koke. Zan gabatar da batun a taronmu na wata, in sha Allahu.